Tiyatar cire ƙari daga mafitsara: shirinta, da ranarta, da jinyar da ke biyo bayanta

A garuruwanmu na bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, daga Mai Wurno zuwa Sinnar, da ƙauyukan da ke jere a bakin magudanan ruwan Jazira, ba a cika ɗaukar fitsarin jini da muhimmanci ba, domin da yawa daga cikin mazanmu sun taɓa ganinsa tun suna yara suna wanka a tur'a, wato magudanar ruwan noma. A ce tsargiya ce, a sha magani ko a ƙyale ta. Wannan sabon shi ne yake cutar da mu idan girma ya zo, saboda jinin da ya fito a fitsarin ɗan shekara 10 da wanda ya fito a fitsarin ɗan shekara 50 ba lallai ne tushensu ɗaya ba. Ƙarin mafitsara yakan fara bayyana ne da jini wanda babu zafi tare da shi, ya zo yau, ya ɗauke har tsawon makonni, sannan ya dawo, kuma ɗaukewar nan ita ce take yaudarar mutum ya zaci ya warke.

Tsargiya da wannan ƙari suna da alaƙa ta gaske. Tsutsar da likita Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, wadda daga sunansa aka samo kalmar bilharsiya da ake faɗa a asibitocinmu, tana zuba ƙwanta a bangon mafitsara, ƙwan ya zauna yana haddasa kumburi shekara da shekaru, har a wasu mutane wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman rani na Jazira, katantanwar da ke ɗauke da tsutsar ta samu mazauni a magudanai, kuma iyayenmu da kakanninmu a cikin ruwan nan suka yi aikin auduga. Amma babban dalili a duniya baki ɗaya shi ne sigari, wadda ake danganta kusan rabin masu wannan cuta da ita, domin gubar hayaƙin ƙoda ce take tace ta, ta tara ta a mafitsara. Daɗewa a aikin rini da fenti da sarrafa roba ma yana ƙara haɗarin. Cutar ta fi kama maza, sai dai mata sun fi makara wajen gano ta, saboda akan jingina jinin ga haila ko ciwon sanyi.

Mataki na farko: a tabbatar da abin da ke ciki

Duk wanda ya haura shekara 40 ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ya nemi likitan ƙoda da mafitsara, wanda ake kira likitan masalik. Za a gwada fitsari don neman ƙwayoyin cuta da ƙwan tsargiya, a ɗebi jini a auna yawansa da aikin ƙoda, a kuma yi sikanin mara. Akwai kuskure biyu da ya kamata a kiyaye a nan. Samun ƙwan tsargiya a fitsari ba ya nuna cewa babu ƙari, domin ana iya samun su biyun a mafitsara ɗaya. Maganin firazikwantel yana kashe tsutsa, amma ba ya taɓa ƙarin da ya riga ya fito. Haka nan idan sikanin bai nuna komai ba, ba a gama ba, saboda ƙaramin ƙari ko wanda ya kwanta shafe da bango yana iya ɓoye masa. Abin da ke yanke hukunci shi ne manzar, wato siririn bututu mai kyamara da ake shigarwa ta hanyar fitsari a kalli cikin mafitsara da ido. Sau da yawa ana ƙarawa da hoton siti sikan don a duba ƙoda da bututun da ke sauko da fitsari daga gare su, tunda shimfiɗar cikinsu iri ɗaya ce da ta mafitsara.

Mataki na biyu: shiri kafin a shiga

Aikin da za a yi, wanda a takardun asibiti za a ga an rubuta shi da haruffan TURBT, ba a yanka ciki a cikinsa. Ta hanyar fitsari ake bi da manzar mai ɗauke da ɗan lanƙwasasshen waya da wutar lantarki ke ratsawa, a yi ta kankare ƙarin kaɗan-kaɗan, a ƙone jijiyoyin da ke zubar da jini. Aikin magani ne kuma bincike ne a lokaci guda, domin naman da aka fitar shi za a kai ɗakin gwaji a san irin cutar da zurfinta.

Mara lafiya ya tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ya kai wa likita, har da na gargajiya da sassaƙe, kada ya dogara da tuna sunayensu. Waɗanda suka fi jawo damuwa su ne masu tsinka jini, irin su warfarin da kulofidogirel da asfirin, domin suna ƙara zubar jini. Amma kada mutum ya dakatar da su da kansa, musamman wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya, sai likita ya faɗi ranar dainawa da ranar komawa. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da allurarsa ko ƙwayarsa a safiyar aikin, mai hawan jini kuma yawanci akan ce ya sha nasa da kurɓin ruwa. Idan gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsari, sai an kashe su kafin a shiga, ko da hakan zai ɗage ranar, domin aiki a mafitsara mai cuta yana iya tura ƙwayoyin cikin jini.

Ana daina cin abinci awa 6 kafin aikin, ruwa zalla kuma akan bari a sha har zuwa awa 2 kafin lokacin, sai dai idan asibitin ya faɗi wani abu daban. A tanadi jallabiya mai faɗi, saboda wando zai takura wa robar fitsari. A kuma zaɓi murafiƙ, wato mai jinyar da zai kwana, da tunani. Na yi jinyar wani kawuna a irin wannan aiki, na kuma ga yadda kunya ta hana shi gaya wa ɗansa na fari cewa robar ta toshe, ya yi ta juyi cikin dare yana haƙuri da ciwo. Dattijo ya fi sakewa da matarsa ko ƙanensa ko sa'ansa, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a ciwon da ya shafi al'aura.

Mataki na uku: ranar aikin

Mai ba da banj, wato maganin kashe jin zafi yayin tiyata, zai zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu bisa lafiyar mutum da inda ƙarin yake: allurar baya da ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa mutum yana farke, ko kuma maganin barci gaba ɗaya. Aikin kansa yawanci ba ya wuce awa ɗaya. Idan an gama, ana barin roba mai baki uku a mafitsara, ɗaya na hura balan-balan ɗin da ke riƙe ta, ɗaya na shigar da ruwan gishiri, ɗaya na fitar da shi, don a yi ta wanke cikin kada jini ya daskare ya toshe hanya.

Akwai wani abu da ya kamata a tambaya tun kafin a shiga, wato ko za a zuba maganin kashe ƙwayoyin daji a mafitsara bayan aikin. Akan zuba mitomaisin ko makamancinsa ta robar cikin awa 24 na farko, an fi so ma cikin awoyin farko, a toshe robar kamar awa ɗaya sannan a sake shi. Wannan zubi guda yana rage yiwuwar dawowar ƙarin, domin yana kashe ɓurɓushin da ke yawo kafin ya sake kama bango. Ba ya sa gashi zubewa, saboda a mafitsara yake tsayawa. Likita yakan fasa shi idan yana zargin bangon ya huje ko jini ya yi yawa.

Mataki na huɗu: kwanakin roba

Robar, wadda ake kira ƙasɗara, takan zauna kwana 1 zuwa 2, wani lokaci har mako guda idan an kankare da zurfi. Mara lafiya zai riƙa jin kamar fitsari ya matse shi alhali robar tana aiki, wani lokaci da murɗawar mara. Mafitsara ce take ƙoƙarin tunkuɗe baƙon abu, kuma akwai maganin da ke kwantar da ita. Aikin murafiƙ shi ne ya sa ido a kan jakar fitsari: ta kasance ƙasa da ƙugun mara lafiya a kowane lokaci, bututun kada ya lanƙwashe ko a kwanta a kansa, launin ruwan kuma ya riƙa washewa daga ja zuwa ruwan hoda zuwa fari. Idan ɗigowar ta tsaya, mara ta kumbura, ciwo ya tsananta, to gudan jini ne ya toshe, a kira ma'aikatan jinya nan take ko da tsakar dare ne. Kada a taɓa jan robar da hannu, domin balan-balan ɗin zai yaga hanyar fitsari.

Mara lafiya ya tashi ya ɗan taka da zarar ƙafafunsa sun dawo, saboda doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Game da salla, mai roba hukuncinsa na mai yoyon fitsari ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon da ya lazimci mutum a mafi yawan lokacinsa ba ya karya alwala. Zai yi sallarsa a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa. Bayan an cire robar, ba a sallamar mutum sai an ga ya yi fitsari da kansa.

Mataki na biyar: makonnin farko a gida

Da yake babu ɗinki a waje, mutane sukan manta cewa akwai buɗaɗɗen rauni a ciki, kuma wannan mantuwar ce take mayar da su asibiti. Zafi wajen fitsari, da yawan fita, da jini jefi-jefi, abubuwa ne da aka saba gani har tsawon mako 1 zuwa 2. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 ɓawon raunin yakan ɓantale, sai jini ya sake bayyana bayan fitsari ya riga ya yi fari, wani lokaci da 'yan baƙaƙen ɓarɓashi. Idan kaɗan ne, a huta a ƙara shan ruwa, yawanci yakan washe cikin yini ɗaya ko biyu.

Ruwa shi ne babban magani a wannan lokaci. A sha lita 2 zuwa 3 a rana, a rarraba daga safe zuwa magariba, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu buƙatar takan fi haka. Alamar an sha isasshe ita ce fitsari ya yi fari-fari. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ya tambayi likita iyakarsa. Ruwan ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa sinadarin tsarkakewa, domin gudawa a jikin da ke jinya tana ƙafar da shi da sauri. A rage jabana (gahawa) da shayi mai kauri da shatta (barkono), a ɗan haƙura da yajin agashe, saboda suna ƙara wa mafitsara zogi. A guji taurin bayan gida, domin yunƙuri yana ɓalle jini. Miyar kuka da kuɓewa da ganye da jiƙon tsamiya suna taimakawa. Idan jinyar ta faɗo cikin Ramadan, wannan yana cikin rashin lafiyar da aka yi rangwamen ajiye azumi dominsa a rama daga baya, kuma ina roƙon dattawanmu kada su yi gardama a kan wannan, saboda yini guda babu ruwa ya isa ya sa jini ya daskare a ciki.

Har tsawon mako 2 zuwa 4 babu ɗaukar buhun dawa ko jarkar ruwa, babu noma, babu hawan babur ko jaki ko doguwar tafiya a raksha kan hanya mai gargada. A dakata da kusantar iyali aƙalla mako 2, har sai jini ya ɗauke. Mai shan sigari ko shisha ya sani cewa ci gaba da sha yana ƙara yiwuwar dawowar ƙarin, don haka barinta wani ɓangare ne na maganin.

Alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu su ne: fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya alhali mara ta cika; jini ja wur mai kauri da manyan gudaji wanda shan ruwa bai sassauta shi ba; zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko rawar sanyi; ciwon ciki mai tsanani da kumburi; kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi. Wanda gidansa ke nesa da asibiti, gara ya zauna wajen dangi a cikin gari har mako 2 ya wuce.

Mataki na shida: karanta sakamakon naman

A ganina, wannan takardar ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi sakaci da ita, domin da yawa idan jini ya ɗauke ba sa komawa karɓarta. Takan fito cikin mako 1 zuwa 3. Ɗan'uwa mai karatu ya raka mara lafiya, ya yi tambayoyi huɗu ba tare da jin nauyi ba: "Dakta, wane iri ne? Yaya zafinsa? Ina zurfinsa ya kai? An samu tsokar mafitsara a cikin naman da aka gwada?"

Iri mafi yawa shi ne wanda ke tasowa daga shimfiɗar cikin mafitsara. Akwai kuma irin da ke biyo bayan daɗaɗɗiyar tsargiya, wanda yakan zo wa mutum da ƙarancin shekaru, kuma sau da yawa ana tarar da shi ya riga ya nutsa. Zafin ƙari kashi biyu ne, mai sanyi da ke girma a hankali, da mai zafi da ke saurin yaɗuwa. Zurfi kuwa da haruffa ake rubuta shi: Ta yana nufin ƙarin yana saman shimfiɗa kawai, T1 ya shiga ƙarƙashinta amma bai kai tsoka ba, T2 ya shiga tsoka. Akwai kuma CIS, wanda yake kwance shafe da bango, ba shi da tudu amma yana da zafi. A duniya baki ɗaya, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gano suna da cutar ba ta kai tsoka ba, kuma waɗannan ana magance su ba tare da cire mafitsara ba.

Tambaya ta huɗu tana da dalili. Idan babu tsoka a cikin naman, mai gwajin ba zai iya tabbatar da cewa cutar ba ta kai can ba. Shi ya sa idan ƙarin T1 ne, ko ba a gama kwashe shi ba, ko mai zafi ne kuma ba a samu tsoka ba, akan sake aikin cikin mako 2 zuwa 6. Wannan ba alamar cewa likitan farko ya gaza ba ce. Tsarin maganin ne haka, kuma sau da yawa ana samun saura a karo na biyu.

Idan sakamako ya nuna T2, kankarewa kaɗai ba ta wadatar ba. Akan yi maganar cire mafitsara gaba ɗaya a yi wa fitsari sabuwar hanya da wani yanki na hanji, sau da yawa bayan an fara ba da maganin daji ta jijiya, ko kuma a haɗa gashin ƙari da hasken na'ura tare da maganin a bar mafitsarar ga wanda ya dace da hakan. Shawara ce mai nauyi da ke buƙatar zaman iyali, amma ba ta son a ja ta watanni ana zagayen masu magani.

Mataki na bakwai: maganin da ake zubawa a mafitsara

Ga mai ƙari mai zafi da bai kai tsoka ba, babban magani shi ne BCG, wato irin ƙwayar rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai a dantse, wadda likita Alvaro Morales ya bayyana amfaninta a mafitsara a Kanada a 1976. Tana tayar da garkuwar jiki ne ta yaƙi sauran ƙwayoyin dajin. Ba a fara ta sai an yi aƙalla mako 2 da aiki. Ana zuba ta sau ɗaya a mako har mako 6, mutum ya riƙe ta kamar awa 2, sannan a ci gaba da zubi uku-uku a wata na 3 da na 6 da na 12, wasu har shekara 3. A rage shan ruwa kafin zubin don a iya riƙewa. A awa 6 na bayansa a yi fitsari a tsugune ko a zaune, a zuba sinadarin kulorin a masai, a wanke hannu da gaba da sabulu, a kuma yi amfani da kororon roba wajen kusantar iyali har mako guda. Zafin fitsari da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana 1 ko 2 an saba da su, amma zazzaɓi mai zafi da ya wuce kwana 2 na buƙatar komawa asibiti, kuma dole a gaya wa likitan cewa an zuba BCG, don kada a tsaya ga maganin maleriya kawai. Ba a zubawa ranar da ake ganin jini a fitsari ko akwai ƙwayoyin cuta. Maganin yakan yi ƙaranci ko a ƙasashe masu wadata. Idan ba a same shi ba, a tambayi likita game da zubin mitomaisin ko jemsitabin a madadinsa.

Mataki na takwas: komawa manzar

Ƙarin mafitsara yana da halin dawowa, har ga kusan rabin waɗanda aka kankare wa cikin shekara 5, kuma idan an kama shi yana ƙarami, cire shi aiki ne mai sauƙi. Manzar na farko bayan aiki yana zuwa a wata na 3 ga kowa da kowa. Mai ƙari mai sanyi guda ɗaya yakan koma a cikar shekara, sannan sau ɗaya kowace shekara har 5. Mai ƙari mai zafi yakan koma kowane wata 3 har shekara 2, sannan kowane wata 6 har shekara 5, daga nan sau ɗaya a shekara iyakar rayuwarsa. Inda akwai manzar mai lanƙwasa, dubawar 'yan mintuna ce da man kashe zafi, mutum ya tafi gida da ƙafarsa.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, asibitoci da yawa na Kartum sun tsaya, kuma da faɗan ya isa Wad Madani a Disambar wannan shekarar ya shafi Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa da ke ƙarƙashin Jami'ar Jazira, marasa lafiya suka watsu zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Marawi, wasu har Misira. Wanda ya isa sabon asibiti babu takarda, sai an fara binciken daga farko. Saboda haka a karɓi kwafin rahoton aikin, da sakamakon naman, da jerin ranakun zubi da sunan maganin, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa 'yan'uwa biyu a garuruwa daban-daban, ainihin takardun kuma a sa su a leda tare da katin shaida. Wanda zai yi tafiya mai nisa yana iya roƙon ɗakin gwaji ya ba shi ɗan ƙullin kakin da aka adana naman a ciki, domin wani masani ya sake dubawa a can. Idan hanya ta rufe har ranar manzar ta wuce, a je asibitin farko da aka samu mai likitan masalik a nuna masa takardun, kada a jira jini ya sake fitowa, domin ƙaramin ƙarin da ya dawo yakan daɗe yana girma kafin ya fara zubar da jini.